Me ke kashe na'a-na'ar bokiti a watan Afrilu?

Duk wanda ya taɓa sayen ganyen miya a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya san yadda abin yake. A ɗaure maka farsil da seleri da lawashi na dala ashirin da safe, kafin la'asar sun yi laushi, washegari rabinsu sai bola. Shi ya sa mata da yawa, har da magidanta masu son shayinsu da na'a-na'a, ke yanke shawarar shuka nasu a tsakar gida, cikin tsohon bokiti ko jarkar da aka yanke. Watan farko abin gwanin sha'awa. Daga nan sai ganye ya fara rawaya, a ƙara masa ruwa, ya ƙara lalacewa, a ƙarshe uwargida ta ce ita dai ba ta da hannun shuka. Zancen hannu bai taso ba. Kusan kullum matsalar tana ƙarƙashin ƙasa, wurin saiwa, inda ido ba ya kaiwa.

Shukar da ke lambu a bakin Binuwai, in rana ta ƙwalle, saiwarta tana nutsawa ƙasa ta nemi sanyi da laima. Ta cikin mazubi ba ta da wurin gudu. Duk rayuwarta tana cikin ƙasar da ba ta wuce lita goma ba, kuma rana na dukan wannan ƙasar ta sama da ta gefe, siminti na gasa ta ta ƙasa. A Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a cikin inuwa. Baƙar roba da aka ajiye a rana kuwa, ƙasar da ke manne da jikinta tana iya wuce digiri 50. Saiwar yawancin ganyayen nan tana daina girma tun kafin zafin ƙasa ya kai 40, in ya wuce nan sosai sai ta fara mutuwa. Abin takaicin shi ne, ƙananan fararen saiwoyin da ke shan ruwa a jikin bangon mazubin suka fi taruwa, wato daidai inda ya fi ko'ina zafi.

To a nan ne ake ruɗewa. Shuka ta langaɓe da azahar, mai ita ta ɗauka ƙishi ne, ta kwarara mata ruwa. Alhali da ta sa yatsa cikin ƙasar da ta ji ta jiƙe sharkaf. Saiwar da ta dahu ba ta iya sha, ruwan sai ya kwanta, ya kori iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, sauran saiwar mai rai ita ma ta shaƙe ta ruɓe. Langaɓewar ƙishi da ta ruɓewar saiwa kamarsu ɗaya a ganye. Yatsa ne kawai ke raba gardama: a tura shi har gaɓa ta biyu, in an ji laima a bar ruwa, a nemi inuwa.

Saboda haka ni a ganina zaɓen mazubi ya fi zaɓen iri muhimmanci a ƙasarmu. Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba ta fi roba nesa ba kusa ba, don aikin da randa ke yi wa ruwan sha shi take yi wa saiwa: laima na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da ita, ciki ya yi sanyi. Illarta ita ce ta fi shan ruwa. Wanda roba ce kawai a hannunsa, ya nemi mai hasken launi kuma babba. Jarkar man girki mai lita 20, a yanke samanta, a wanke ta da kyau, ta wadatar. Gwangwanin madara da ƙananan kofuna sai dai don rainon iri, ba za su kai shuka ko'ina ba da bazara. A naɗe jikin robar da tsohon buhun algarara ko tabarmar kaba, a ɗora ta kan bulo biyu don kada ta zauna kan siminti, a kuma tara mazuban wuri guda su yi wa juna inuwa. Jarkar da aka taɓa zuba zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, ko maganin feshin auduga a ciki kuwa, kada a ko fara. Roba na riƙe waɗannan abubuwa, wanki ba ya fitar da su duka, kuma ganyen nan ciki za shi.

Takardar irin da ake shigo da shi daga Turai takan ce a ajiye shukar inda rana ke dukanta wuni guda. Gaskiya suka faɗa, amma don ranarsu. A nan, da bazara, hantsi ya ishe ta: gefen katangar da ke kallon gabas, inda za ta sha rana daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, sannan inuwa ta rufe ta. Ƙarƙashin rumfar zana ma ya yi, ko gefen inuwar dogon yaro, wanda mutanen Marwa ba sa rasa shi a ƙofar gida. Sai dai kada a tura ta can cikin duhun inuwa, za ta yi tsawo siririya, ganye ƙanana ba ƙamshi. Da hunturu ana iya fito da mazuban su ƙara shan rana. Wannan ne ma babban amfanin shuka a mazubi, ana iya ɗauke ta.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ma ke yaudarar mutane. Wani zai je ya ɗebo baƙar laka irin ta filayen muskuwari, wato dawar rani, yana ganin ƙasar da ke ciyar da dawa har ta nuna ba tare da ruwan sama ba ai ba ta da na biyu. A fili haka ne. A cikin bokiti kuwa, in ta jiƙe ta zama taɓo, in ta bushe ta ƙanƙance ta rabu da bangon, sai ruwan da aka zuba ya bi ta tsagar gefe ya fice ta ƙasa, tsakiya na nan a bushe ƙayau. Mai shukar na ganin ruwa na fita, hankalinta kwance, shukar kuwa ko ɗigo ba ta samu ba. Yashin mayo, wato kogi, zalla shi kuma ba ya riƙe komai. Abin da ke aiki shi ne haɗi: kashi ɗaya ƙasar lambu ta sama-sama, kashi ɗaya yashin kogi mai kauri, kashi ɗaya takin da ya ruɓe sarai. Wanda ke kusa da Yagwa ko Maga, inda ƙaiƙayin shinkafa ke zube, ya ƙara tafi biyu ko uku a kowane mazubi, musamman wanda aka ɗan babbake. Dakakken ɓawon gyaɗa da garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu duk suna buɗe ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗan jiƙa haɗin, a dunƙula a hannu. Ya kamata ya dunƙulu, amma in an taɓa shi da yatsa ya wargaje.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta zuba tsakuwa a gindin mazubi wai don ruwa ya riƙa wucewa. Akasin haka take yi. Ruwa ba ya barin lallausar ƙasa ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika maƙil, don haka jiƙaƙƙen wurin da ya kamata ya tsaya can ƙasa sai ya hauro kusa da saiwa, ga kuma wurin zaman saiwar an rage shi. Abin da ake bukata huda ce. A gasa ƙusa babba a wuta, a huda gindin wuri biyar ko shida, a ƙara wasu a gefe ɗan sama da gindin kaɗan. In hudar ta yi faɗi a rufe ta da tsingaro guda ɗaya, shi ke nan.

Taki kuma sai wanda ya kwana biyu. Kashin awaki da na tumaki da aka tara ya yi watanni, ya yi baƙi, warinsa ya tafi, shi ne ya fi dacewa. Ɗanyen kashin shanu na kiran gara, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi. Toka ma da ake yawan yabo, ɗan barbaɗe ya isa, in ta yi yawa ganye sai ya koma rawaya tsakanin jijiyoyinsa. Ga masu son takin zamani, abin da yatsu uku za su tsinka na NPK, a binne a gefen mazubi nesa da kara, sau ɗaya a wata, ya wadatar. Ina ganin masu ɗura yuriya don su ga ganye ya yi kore shar. Zai yi, ya yi faɗi, ya yi laushi, amma ƙamshin zai ragu, ƙwari kuma su yi ta murna. Ƙamshin na'a-na'a da na ɗoɗɗoya wani mai ne da ke cikin ƙananan ƙwayoyi a jikin ganyen, shi ya sa sai an murza ake jinsa sosai. Shukar da aka tura ta girma da gaggawa ruwa take tarawa fiye da man. Af, ɗoɗɗoya mai manyan ganye, in an shinshina ta da kyau za a ji kamar kanumfari. Ba kuskuren hanci ba ne, sinadarin ƙamshinsu ɗaya ne.

Nawa ne ruwan da abin zai ci? Wannan tambaya ce ta gaske a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin mai tura amalanke. Da tsananin bazara, rana da iska na iya ɗauke kimanin milimita 8 zuwa 10 na ruwa daga ƙasa mai shuka a wuni. In aka lissafa wannan a kan mazubi mai faɗin baki santimita 30, ya kama rabin lita da ɗoriya. Shukar da ta yi reshe ta fi ƙarfin bakin mazubinta tana iya shan ninkin haka. Wato mazubi goma za su ci kusan rabin jarka a rana, da hunturu kuma ƙasa da haka sosai. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, asarar za ta ragu. Ruwan alwala da aka tara a roba da ruwan wankin shinkafa ko gero duk sun yi. Ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri su ne ba su yi ba. A ba da ruwa da sassafe, a hankali, har sai ya ɗigo ta ƙasa. Da bazara a sake dubawa da yamma. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau biyar a rana saman kawai yake jiƙawa. Kuma ruwan da ya wuni a jarka cikin rana, a bari ya huce tukuna.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne farin ɓawon da ke fitowa a saman ƙasa da bakin tukunya bayan watannin rani. Gishirin da ke cikin ruwan rijiya da na burtsatse ne, da ragowar taki. Ruwan na tashi, shi yana zama. In ya taru sai bakin ganye ya fara ƙonewa ko da ƙasa na da laima. Maganinsa a kankare saman, a kwarara ruwa mai yawa ya ratsa ya fita, kamar sau ɗaya a wata. Da damina ruwan sama na yin wannan aikin kyauta. Faranti da ake sawa a ƙarƙashin mazubi kuwa, in ruwa ya kwanta a ciki, gishirin zai koma, kuma kwana bakwai zuwa goma sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. A riƙa zubar da shi.

Yanzu ga abin da masu lambu suka sani, masu shukar gida kuma ba su cika tambaya ba: kayan ƙamshin nan ba lokacinsu ɗaya ba. Farsil da seleri da koriyanda da hulba 'yan sanyi ne. Lokacinsu daga ƙarshen Oktoba, in damina ta ɗauke, zuwa Fabrairu. Irin seleri in zafi ya kai wajen digiri 30 ƙin tsirowa yake yi, sai mai shi ya ce an sayar masa da mataccen iri. Kuma ba a binne shi, a barbaɗa a sama a danna kaɗan, don yana son haske kafin ya tsiro. Farsil shi kuma nawa gare shi, yana iya ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya leƙo, mutane da yawa sukan zubar da ƙasar tun bai fito ba. A jiƙa irin ya kwana, kuma a ba shi mazubi mai zurfin kamar santimita 25, don saiwarsa doguwa ce irin ta karas. Koriyanda ba ya son dashe, a shuka shi inda zai zauna. Kowace ƙwaya iri biyu ne a haɗe, a ɗan murƙushe ta ta rabu. Da zarar zafin Maris ya shigo zai yi tsiri ya fidda fure, ba abin da za a yi masa, lokacinsa ne ya ƙare. Wanda ya shuka waɗannan a Afrilu ya yi asarar iri kawai.

Ɗoɗɗoya da ciyawar shayi da muke kira sitronel da barkono da citta su kuma 'yan zafi da laima ne, damina ce sallarsu. Su ya kamata mai farawa ya fara da su, kuma ba sai ya sayi iri ba. Reshen ɗoɗɗoya mai tsawon yatsa biyu, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa a inuwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai fidda saiwa. Sitronel a roƙi maƙwabciya ta tsago kara biyu ko uku masu saiwa daga gindin nata, a datse ganyen, a dasa a babban mazubi, don tana yin kumbo sosai. Citta sai an yi haƙuri, wata takwas zuwa goma take yi, tana son inuwa da ƙasa mai taushi. A Garwa a dasa ta farkon damina, kada a kuma sa ran buhu. Attarugu yana jure zama a jarka, amma in zafi ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake yi, a ci gaba da kula da shi kawai, zai dawo da 'ya'ya in gari ya yi sanyi.

Na'a-na'a tana tsakiya. Tana iya kewaye shekara in an tsare ta daga ranar azahar, kuma ita ce ta fi kowa son ruwa. Ko wadda aka sayo don shayi, in ba ta yi laushi ba, karanta zai kama. Saiwarta ba zurfi take yi ba, yaɗo take yi, saboda haka faffaɗan baho mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya fi mata dogon bokiti. A ba ta mazubinta ita kaɗai, in ba haka ba za ta shaƙe duk wanda aka haɗa ta da shi. Bayan kamar shekara tsakiyarta zai mutu, ganye ya ƙanƙance. Ba ciwo ba ne, ta cika gidan ne. A juye ta, a yanki gefen da ke da sabon toho, a dasa a sabuwar ƙasa. Lawashi kuwa shi ne mafi sauƙi duka: ƙananan albasar da suka fara tsiro a kwando, a dasa su, cikin mako biyu zuwa uku an fara yanka. Tafarnuwa ma haka, ganyenta na da daɗi a ƙwai da miya.

Rozmari da tayim da ake gani a hotuna, ni ba na ba mai farawa shawarar su. 'Yan busasshen tudu ne na bakin tekun Bahar Rum, ba zafinmu ne ke kashe su ba kamar ruwan Agusta, wanda ke ruɓar da saiwarsu cikin 'yan kwanaki. Duk wannan lissafin lokaci, na ƙasar zafi ne. Ruwan shekara a Garwa kimanin milimita 1,000 ne, a Marwa wajen 800, a Njamena tsakanin 500 da 600. Ngawundare kuwa tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, ruwanta na kai wajen milimita 1,500, don haka farsil da seleri da citta sun fi samun sauƙi a can, damuwar mutanenta yawan ruwa ce. Shi ya sa in 'yar'uwa ta aiko hoton selerinta daga Ngawundare a watan Mayu, kada ta Kusiri ta ga kamar ita ce ba ta iya ba.

Maƙiya ba su da wuyar ganewa. Kaji da awaki sai a ɗaga mazuban sama ko a kewaye su. Ƙadangare na son sabon tsiro, tsohon gidan sauro ya isa ya tsare shi har shukar ta yi ƙwari. Waɗanda suka fi ɓarna su ne ƙanana da ke ɓuya a bayan ganye: darɓa, da farin ƙuda, da wani jan gizo-gizo da ido ke gani da ƙyar, wanda ke yawaita in ƙurar hunturu ta lulluɓe ganye. Alamarsa ɗigo-ɗigon fari da siririyar yana. Wanke bayan ganyen da ruwa duk bayan 'yan kwanaki yana rage su ƙwarai. In sun yi yawa, a daka ƙwayar dogon yaro da aka ɓare, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a bari ya kwana, a tace, a fesa da yamma don rana na kashe ƙarfinsa. Yana da ɗaci, a jira 'yan kwanaki kafin a tsinka, a kuma wanke. Maganin feshin gona da ake sayarwa a kwalabe ba suna, bai da wurin zama a kan ganyen da ake jefawa ɗanye cikin shayi.

Tsinka ma da yadda ake yinsa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a ba a tsige musu ganye ɗaya-ɗaya daga ƙasa, a bar kara tsirara. Kan reshe ake datsewa, daidai saman inda ganye biyu suka fito, sai wurin ya fidda reshe biyu, shukar ta yi duhu. Farsil da seleri daga waje ake yanko su tun daga gindi, a bar na tsakiya. Kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, ko da baƙi sun zo. Furen ɗoɗɗoya a riƙa cire shi da zarar ya leƙo, in ba haka ba za ta daina ganye ta koma yin iri. Sai dai a ƙarshen damina a bar gindi ɗaya ya yi fure ya bushe, a murje irin, a adana a takarda cikin gwangwani wurin da ba zafi. Koriyanda ma zai ba da nasa irin a Maris, rabi na shuka rabi na yaji. Farsil ne ba kasafai yake yin iri a ƙasar zafi ba, don sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure a shekararsa ta biyu. Nasa sai an saya, kuma irin ba ya daɗewa da rai, don haka a duba kwanan watan da ke jikin takardar, a guji wadda ta wuni a rana kan teburin mai sayarwa.